Dodanni a Titin Maple: Tarihin Wani Wasan Talabijin na Amurka

Ran 4 ga watan Maris, 1960, daren Jumma'a, gidan talabijin na CBS a ƙasar Amurka ya nuna wani wasan kwaikwayo wanda tsawonsa bai cika rabin sa'a ba. Sunansa da Turanci The Monsters Are Due on Maple Street, watau dodanni suna nan tafe Titin Maple. Shi ne kashi na 22 cikin jerin wasannin nan da ake kira The Twilight Zone, ma'ana yankin almuru, inda ba a ce rana ba, ba a kuma ce dare ba. Wani marubuci mai suna Rod Serling shi ya ƙago jerin, shi ne kuma ya rubuta wannan kashi, Ronald Winston ya tsara yadda aka ɗauke shi. An fara nuna jerin ran 2 ga Oktoba, 1959, aka daina a 1964, bayan an yi kashi 156, waɗanda Serling ya rubuta 92 daga cikinsu da hannunsa.

Wasannin suna cikin irin labarun da ake kira ƙagaggun labarun kimiyya, masu zancen jiragen sararin samaniya da halittun waɗansu duniyoyi. A zamanin nan manya ba su ɗauki irin wannan labari da daraja ba, abin yara ake ganinsa. Amma wanda ya san abin da ya auku a Amurka tsakanin 1947 da 1960, in ya kalli wannan kashi zai gane shaida ce ta tarihi aka lulluɓe da rigar almara. Abin da wasan yake nunawa kuwa shi ne, maƙiyi yana iya kasancewa gaskiya akwai shi, amma taron da tsoro ya kama ba shi da hanyar gane shi, iyakar abin da ya iya shi ne ya cinye na kusa da shi. Wannan takarda za ta bi labarin, ta bi zamanin da ya haife shi, kana ta auna inda ya dace da tarihi da inda ya kauce.

Yadda labarin yake

Titin Maple titi ne na ƙage, a bayan wani gari da ba a ambaci sunansa ba. Gidajen masu matsakaicin hali ne, kowanne da ɗan filin ciyawa a gaba, da mota a ƙofa. Ranar Asabar ce da yamma, a ƙarshen lokacin zafi, yara suna wasa, magidanta suna goge motocinsu. Da ƙarfe 6:43 sai aka ji wata ƙara a sama, wani haske ya gilma. Mutane suka ce ai dutsen sama ne ya wuce. Jim kaɗan sai aka tarar wutar lantarki ta ɗauke, wayar tarho ta mutu, akwatin rediyo ya yi shiru, har motoci da injin yankan ciyawa, waɗanda ba ruwansu da wayar lantarki, su ma sun ƙi tashi.

Wani dattijo, Pete Van Horn, ya ce bari ya ratsa ta bayan gida ya dubo ko titin da ke maƙwabtaka da su, Titin Floral, yana da wuta. Waɗansu magidanta biyu, Steve Brand da Charlie Farnsworth, suka yi niyyar takawa cikin gari su tambayi 'yan sanda. Sai wani yaro mai suna Tommy ya tare su, ya ce kada su tafi. Ya karanta a wani labari, in halittun wata duniya za su kawo hari sukan fara aiko da waɗansu nasu, uba da uwa da 'ya'ya, masu kama da mutane sak, su zauna cikin jama'a ba a sani ba. Manya suka yi dariya, amma dariyar yaƙe ce, gama daga nan ba wanda ya sake ɗaga ƙafa ya nufi gari.

Ana cikin haka sai motar wani mutum, Les Goodman, wadda ta ƙi tashi ɗazu, ta tashi da kanta alhali yana tsaye nesa da ita. Nan da nan ido ya koma kansa. Wata mata ta tuna takan gan shi da tsakar dare yana tsaye a ƙofar gida yana duban sama. Ya ce rashin barci ke damunsa, ba wanda ya saurara. Da dare ya yi aka kunna kyandirori, aka zauna ana gadin gidansa. Steve Brand ya tashi yana yi wa mutane nasiha, sai aka juyo kansa, aka ce ai an ji yana da wata wayar iska a ɗakin ƙarƙashin gidansa, da wa yake magana da ita cikin dare?

Ba a gama wannan ba sai aka ji takun mutum daga cikin duhu. Wani ya ɗauko bindiga, Steve ya karɓe, Charlie ya fizge ta daga hannunsa ya harba. Da aka matsa kusa sai ga Pete Van Horn kwance, ya mutu. A daidai lokacin nan fitilun gidan Charlie suka kama. Jama'a suka bi shi da jifa, ya ga ba mafita, sai ya nuna yaron nan Tommy, ya ce shi ne dodon, in ba haka ba yaya aka yi ya san abin da zai faru? Daga nan fitilu suka riƙa kamawa suna mutuwa gida-gida, kowa yana kiran sunan maƙwabcinsa, titin ya rikice da jifa da harbi.

A ƙarshe sai aka nuna wani tudu a bayan gari. Ga waɗansu baƙi biyu tsaye kusa da jirginsu, suna murɗa wata na'ura mai sarrafa wutar titin. Ɗaya yana koya wa ɗaya dabarar, cewa a tsai da injunan mutane, a bar su cikin duhu 'yan sa'o'i kaɗan, su da kansu za su gama da junansu, kuma duniyar cike take da tituna irin wannan, za a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Zamanin baƙin littafi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abota ta ɓaci tsakanin Amurka da Rasha. A watan Maris na 1947 Shugaba Truman ya ba da umarni a binciki biyayyar ma'aikatan gwamnati. A watan Oktoba na shekarar nan wani kwamiti na Majalisar Wakilai ya kira mutanen silima na Hollywood yana tambayarsu ko sun taɓa zama 'yan jam'iyyar Kwaminis. Mutum goma suka ƙi amsawa, aka same su da laifin raina Majalisa, aka ɗaure su a 1950. Tun a watan Nuwamba na 1947 shugabannin kamfanonin silima suka yi shela ba za su ƙara ba su aiki ba. Mafarin abin da aka riƙa kira baƙin littafi ke nan, watau jerin sunayen waɗanda aka haramta wa sana'arsu ba tare da alƙali ya yanke musu hukunci ba.

Abubuwa suka yi ta daɗa wa mutane tsoro. A watan Agusta na 1949 Rasha ta gwada bam ɗinta na nukiliya, a watan Oktoba 'yan Kwaminis suka kafa mulki a ƙasar Sin, a watan Yuni na 1950 yaƙin Koriya ya ɓarke. Ran 9 ga Fabrairu, 1950, wani ɗan Majalisar Dattijai, Joseph McCarthy, ya tsaya a garin Wheeling ya ɗaga wata takarda, ya ce tana ɗauke da sunayen 'yan Kwaminis 205 da ke aiki a Ma'aikatar Harkokin Waje. Bayan 'yan kwanaki adadin ya koma 57, daga baya ya zama 81. Wannan sauye-sauye bai rage masa magoya baya ba, har shekara huɗu ana jin tsoron bakinsa.

Gobarar ta isa gidajen rediyo da talabijin a watan Yuni na 1950, sa'ad da waɗansu tsofaffin ma'aikatan hukumar bincike ta FBI suka buga wani ɗan littafi mai suna Red Channels. A ciki an jera sunayen mutum 151, 'yan wasa da marubuta da mawaƙa, har da Orson Welles da Arthur Miller da Lena Horne. A ƙarƙashin kowane suna an lissafa tarurrukan da ya halarta, da takardun koke da ya sa wa hannu, waɗansu tun shekarun 1930. Cikin shekarar nan aka cire wata 'yar wasa, Jean Muir, daga wani shiri kafin a fara nuna shi, don kawai an yi ta bugo waya ana ƙorafi. Philip Loeb, wanda yake fitowa a matsayin uba a wani shiri da jama'a ke so, ya rasa aikinsa, ya yi ta nema bai samu wanda zai riƙe shi ba, a 1955 ya kashe kansa. Gidan CBS da kansa, a watan Disamba na 1950, ya sa ma'aikatansa su cika takardar rantsuwar biyayya.

Hanyar kuɓuta ɗaya ce aka bari a buɗe. Wanda aka kira gaban kwamiti, in yana son ya ci gaba da cin abinci da sana'arsa, sai ya tuba a fili, sa'an nan ya ambaci sunayen waɗansu. Haka mai shirya silima Elia Kazan ya yi a watan Afrilu na 1952, ya ba da sunan mutum takwas da suka yi zama tare a jam'iyya shekaru da yawa da suka wuce. Waɗanda aka ambata kuwa su ma sai a kira su, a nemi nasu sunayen.

McCarthy ya faɗi a 1954. A watan Maris ɗan jarida Edward Murrow ya tona shi a wani shiri na CBS, daga Afrilu zuwa Yuni kuma mutane suka kalli rigimarsa da rundunar soja a talabijin har kwana 36, suka ga halinsa da idonsu. Ran 2 ga Disamba Majalisar Dattijai ta tsine wa ɗabi'arsa da ƙuri'a 67, masu ƙi 22. Ya mutu a 1957. Amma baƙin littafi bai mutu tare da shi ba. A shekarar da ya mutu ne CBS ta sallami wani mai shirin rediyo, John Henry Faulk, bayan wata ƙungiya mai sayar da sunaye ta shafa masa baƙin jini, bai kuwa ci nasara a kotu ba sai 1962. Ashe ke nan ran da aka nuna Titin Maple, gidan da ya nuna shi bai gama wanke hannunsa daga abin da wasan yake suka ba.

Dalilin fakewa da dodanni

An haifi Rod Serling ran 25 ga Disamba, 1924, a garin Syracuse, ya girma a Binghamton cikin jihar Niyok, iyayensa Yahudawa ne. Ya yi yaƙi a tsibiran Filifin cikin sojan laima, ya dawo da rauni a jiki. Ya yi suna a 1955 da wani wasa mai suna Patterns, a 1956 kuma da Requiem for a Heavyweight, duka biyu suka jawo masa lambar yabo ta Emmy. Wasanni ne na zahiri, ba dodo ba aljan.

A zamanin nan kamfani guda ke ɗaukar nauyin shiri gaba ɗaya, har shirin ya ci sunansa, saboda haka wakilan kamfanin sukan karanta wasa layi-layi su soke abin da ba su so. Abin ya kai a watan Afrilu na 1959, da aka nuna wani wasa a kan shari'ar 'yan Nazi a Nuremberg, aka kashe murya duk inda ɗan wasa ya ambaci iskar gas da aka hallaka Yahudawa da ita, don ƙungiyar masu sayar da gas ɗin girki tana cikin masu biyan kuɗin shirin.

Serling ya sha wannan ɗaci a kan maganar Emmett Till. Wannan yaro baƙar fata ne ɗan shekara 14 daga Shikago, wanda waɗansu Turawa suka kashe a jihar Misisipi a watan Agusta na 1955, kotu ta sallame su a watan Satumba, daga baya suka faɗa wa wata mujalla da bakinsu cewa su suka yi. Serling ya rubuta wasa a kan garin da ya rufa wa mai kisa asiri, ya sa masa suna Noon on Doomsday. Da labari ya fita, 'yan wariyar launin fata na kudu suka yi ta aiko da wasiƙu ga kamfanin ƙarfe mai ɗaukar nauyin shirin. Kafin a nuna wasan a watan Afrilu na 1956 an ɗauke garin daga kudu an kai shi arewa maso gabas, wanda aka kashe kuma an mai da shi wani baƙo daga ƙasar waje. Ya sake gwadawa a 1958 da A Town Has Turned to Dust, wannan karon aka mai da labarin baya zuwa shekarun 1870, yaron ya zama ɗan Meziko.

A watan Satumba na 1959, gab da fara sabon jerin, ya gaya wa ɗan jarida Mike Wallace a talabijin cewa ya gaji da faɗa da masu talla, kuma sababbin wasanninsa ba za su taɓa abin da zai jawo gardama ba. Waɗansu suka ɗauka ya miƙa wuya. Bayan wata biyar sai ga Titin Maple. Mai karatu da ya san al'adar habaici ba zai rasa gane dabarar ba: ba a kama suna, ba a ambaci Kwaminis ko McCarthy ko Misisipi ba, wakilin kamfani ya duba bai ga abin sokewa ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Abin da Gizo da Ƙoƙi sukan faɗa a tatsuniya game da sarakuna, wanda talaka ba zai iya faɗa a fada ba, shi ne baƙin nan biyu suka faɗa a kan tudu.

Inda wasan ya dace da tarihi

Ƙarfin wasan yana cikin yadda ya bi matakan zargi ɗaya bayan ɗaya, kowane mataki kuwa yana da takwaransa a cikin shekarun da aka ambata. Da fari, shaidar da aka kama Les Goodman da ita ba laifi ba ce, ɗabi'a ce kawai wadda ta saɓa da ta sauran mutane. Jiya rashin barcinsa ba ya damun kowa, yau ya zama hujja. Haka Red Channels ta tara halartar taro da sa hannu a takardar koke, abubuwan da doka ba ta hana ba, ta mai da su alamar cin amanar ƙasa. Na biyu, wanda ya tashi kare wanda ake zargi shi ke biye. Steve Brand bai yi kome ba sai cewa a yi hankali, wannan kaɗai ya isa a tuno da wayar iskarsa. Na uku, mai zargi ba ya tsira da zarginsa. Charlie, wanda ya fi kowa zaƙewa, da fitilarsa ta kama sai jifa ta koma kansa, bai kuwa sami abin fansar kai ba sai sunan wani, ya zaɓi wanda ya fi kowa rauni a titin. Wannan shi ne zaman kwamitin Majalisa, an taƙaita shi cikin minti guda.

Winston ya taimaki rubutun da yadda ya ɗauki hoton. Rabin farko da rana ne, ana ganin titin duka, mutane tsaye tare. Rabi na biyu cikin duhu ne, ana matso da fuskoki ɗaya-ɗaya, har a ƙarshe ba a ganin mutum cikakke, sai hannu ya ɗauki dutse, sai baki yana ihu. Claude Akins, wanda ya fito a Steve, da Jack Weston, wanda ya fito a Charlie, ba su yi wasan kamar nagari da mugu ba. Charlie matsoraci ne mai son a ce yana cikin jama'a, irinsa kuwa ba ya wuyar samu. Baƙin kan tudu ma ba su da ƙaho ko wutsiya, kamar ma'aikata suke masu duba aikin injin. Tufafinsu da hoton jirginsu an aro su ne daga wani fim na kamfanin MGM mai suna Forbidden Planet na 1956, gama a filin kamfanin aka ɗauki wasan.

Inda ya kauce

A Titin Maple babu ɗan leƙen asiri ko ɗaya cikin maƙwabta, a Amurka kuwa akwai. A 1995 gwamnatin Amurka ta saki takardun da ake kira Venona, watau saƙonnin asiri na Rasha na shekarun 1940 waɗanda masana suka warware a ɓoye. Sun tabbatar Amurkawa masu yawa sun yi wa Rasha aiki, cikinsu har da Julius Rosenberg, wanda aka kashe shi da matarsa a watan Yuni na 1953. Ta wannan fuska Serling ya sauƙaƙa wa kansa, gama ya fi sauƙi a la'anci zargi in an san duk waɗanda ake zargi ba su da laifi.

Duk da haka takardun ba su rushe maganarsa ba. Yawancin ƙungiyoyin leƙen asirin nan sun watse tun 1945, sa'ad da waɗansu daga cikinsu, kamar Igor Gouzenko a Kanada da Elizabeth Bentley a Amurka, suka juya suka tona asiri. Masanin nukiliya Klaus Fuchs, wanda aka kama a Ingila a 1950, masu warware saƙo ne suka gano shi, suna zaune a ofis shekara da shekaru suna aikin haƙuri. Binciken McCarthy, da duk hayaniyarsa, bai kai ga an ɗaure mutum ko ɗaya a kan leƙen asiri ba. Wasan ma bai ce babu maƙiyi ba. Yaron nan Tommy ya yi gaskiya da ya ce daga sama abin ya zo, inda ya ɓata shi ne da ya sa mutane duban juna. Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, sun kuma ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai wani aibi na biyu. Mutanen titin sun tashi daga gaisuwa zuwa kisa cikin 'yan sa'o'i, abin da a tarihi ya ɗauki shekaru, kuma ba a nuna masu cin riba da tsoron ba. A zahiri akwai 'yan siyasa da suka ci zaɓe da shi, akwai masu buga sunaye da ake biya su wanke mutum. Da aka ɗora aikin murɗa wuta a kan baƙi daga sama, sai aka sauke wa waɗannan nasu kason. Jawabin baƙin a ƙarshe, da na Serling da ya biyo baya, su ma sun yi wa mai kallo bayanin abin da ya riga ya gani da idonsa.

Abin da ba a nuna ba

Duk mazauna Titin Maple Turawa ne, wannan kuwa daidai yake da yadda irin unguwannin nan suke a lokacin. Bayan yaƙi an gina manyan unguwanni a bayan birane, mafi shahara ita ce Levittown kusa da birnin Niyok, wadda aka fara a 1947, gidaje fiye da 17,000, da sharaɗi a rubuce cewa ba a ba wanda ba Bature ba. A watan Agusta na 1957 wani baƙar fata, William Myers, da matarsa Daisy suka sayi gida a Levittown ta biyu, a jihar Pennsylvania. Daruruwan maƙwabta suka riƙa taruwa a ƙofar gidan da dare, aka fasa musu taga da dutse, sai da aka kawo 'yan sandan jiha. A can ba a ɗauke wa kowa wuta ba, ba a kuma ji ƙara a sama ba.

Masu kallo na 1960 sun san wannan labari, gama jaridu sun buga shi, kuma wata guda kafin a nuna wasan, ran 1 ga Fabrairu, ɗalibai baƙaƙen fata huɗu suka fara zaman ƙin tashi a wani wurin cin abinci a garin Greensboro. Saboda haka jifar gidan Charlie tana da ma'ana biyu ga wanda ya kalla a lokacin. Marubucin da aka hana shi ambaton Emmett Till sau biyu ya sami hanyar nuna taro yana bin yaro da gudu cikin dare, ba wanda ya soke masa layi. Bayan mako biyar, ran 8 ga Afrilu, jerin ya nuna wani kashi mai suna The Big Tall Wish wanda manyan 'yan wasansa baƙaƙen fata ne, abin da ba a saba gani ba a talabijin na zamanin.

Bayan 1960

Shekarar da aka nuna wasan ita ce shekarar da baƙin littafi ya fara yagewa. A watan Janairu mai shirya silima Otto Preminger ya yi shela cewa Dalton Trumbo, ɗaya daga cikin goman nan da aka ɗaure, shi ya rubuta masa fim ɗin Exodus, a watan Oktoba kuma sunan Trumbo ya fito a fili a kan fim ɗin Spartacus. Serling ya koma kan maganar maƙwabta a 1961 da wani kashi mai suna The Shelter, inda abokai suka fasa ƙofar ramin da wani likita ya gina don ɓuya daga bam. Ya rasu ran 28 ga Yuni, 1975, yana da shekara 50.

A 2003 aka sake yin Titin Maple da sababbin 'yan wasa. A wannan karon tsoron 'yan ta'adda ne ya kama titin, zargi ya faɗa kan waɗansu sababbin maƙwabta da ba a san su ba, masu murɗa wutar kuwa sojojin ƙasar ne suna gwada yadda jama'a za su yi. Masu sake shi ba su yi nisan neman misali ba. Ran 15 ga Satumba, 2001, kwana huɗu bayan harin da aka kai Niyok, wani mutum ya harbe Balbir Singh Sodhi a gidan mansa a garin Mesa na jihar Arizona, don ya gan shi da gemu da rawani ya zaci Balarabe ne Musulmi, alhali kuwa ɗan Indiya ne mai bin addinin Sikh.

Cikin dukan mutanen Titin Maple, Pete Van Horn kaɗai ne ya yi abin da ya kamata tun da fari, watau ya tashi ya je ya dubo. Amsar da ya ɗauko daga Titin Floral ita ce za ta nuna ko duhun na kowa ne ko nasu ne su kaɗai, da an ji ta watakila da an san inda za a duba. An harbe shi tun yana nesa, bai buɗe baki ba, har wasan ya ƙare ba wanda ya tambayi abin da ya gano.